Shekara biyar ina addu'a a kan ɗana, ko Allah ya ƙi ji ne?

Tambaya:

Salama cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu. Babban ɗana shekararsa 24. A cikin ikkilisiya ya tashi, har ƙungiyar mawaƙa ya yi, amma tun da ya shiga jami'a ya fara ja da baya. Yanzu ya daina zuwa sujada sam, ya ce shi bai ga alamar akwai mai jin addu'a ba, wani lokaci kuma yakan dawo gida da warin giya. Shekara biyar ke nan ina roƙo. Ina azumi kwana uku a mako har jiri na ɗibata. Da dare nakan durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa in ɗaga murya ina kiran sunansa, ina tsauta wa ruhun da ya kama shi. Na kai maganarsa zumuntar mata. Abin sai ƙara lalacewa yake yi, ko gaisuwa da ƙyar yake yi mini. Wani mai addu'a ya ce la'anar kakanni ce, in kawo kuɗi a karya ta. Mijina ya ce in ƙyale yaron ya huta. Ni kuwa na goye shi a hanyar Ubangiji kamar yadda Karin Magana 22:6 ta faɗa. Zunubina ne ya jawo wannan? Ko Allah ya ƙi ji ne?

Uwa mai damuwa

Amsa:

'Yar'uwa a cikin Ubangiji, salamar Almasihu ta tabbata a gare ki da gidanki. Sannu da ɗawainiya, sannu da haƙuri.

Zan fara da abin da na san ba zai yi miki daɗin ji ba, domin shi ne ya fi gaggawa. Ki daina addu'ar nan ta bakin ƙofa, daga daren yau. Ba na shakkar zuciyar da kike yin ta da ita. Amma ki tsaya ki shiga ɗakin nan da tunaninki, ki kwanta inda yaron yake kwance. Tsakar dare ne, mahaifiyarsa tana waje tana lissafa laifofinsa da murya, ƙannensa suna ji, tana kiransa wanda aljani ya kama. Me ya isa kunnensa? Habaici ya ji. Ya ji ana kai ƙararsa sama a gabansa, kuma ba a ba shi damar cewa uffan ba, gama wa zai katse mai addu'a? Saurayi mai shekara 24 da aka yi wa haka abu biyu suka rage masa, ko ya fashe da faɗa ko ya yi shiru ya janye jikinsa. Naki ya zaɓi shiru. A ganina wannan ma alama ce cewa har yanzu yana ganin girmanki.

Yesu ya yi magana a kan wannan a Matiyu 6:5-6. Ya ce mai addu'a ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa ya yi magana da Ubansa wanda yake gani a ɓoye. Mun saba ɗaukan ayar a kan masu son a yaba musu a bainar jama'a, amma ta shafi duk addu'ar da aka shirya domin kunnen mutum. In kina so ki gane ko addu'arki ta Allah ce kaɗai, ki tambayi kanki: da na tabbata yaron ba ya gida, zan durƙusa a bakin ƙofar nan in ɗaga murya haka? In amsar a'a ce, to rabin maganar da shi kike yi. Magana da shi kuwa tana da nata lokaci, da rana, ido da ido, inda shi ma zai iya amsawa.

Dubi Ayuba. 'Ya'yansa goma ne, maza bakwai mata uku, kuma manya ne masu gidajen kansu, suna ta shagali bi da bi. Ayuba 1:5 ta ce in an gama zagayen bukin yakan aika a tsarkake su, ya tashi da sassafe ya miƙa hadaya bisa ga yawansu, yana cewa a ransa mai yiwuwa 'ya'yana sun yi zunubi a zuciyarsu. Kullum haka yake yi. Bai je ya tsaya a bakin ƙofar bukin yana kirari da zunubansu ba. Ya ɗauki damuwarsa ya kai inda za a iya yin wani abu da ita. Kuma ki lura, kowane ɗa da hadayarsa. Zan dawo kan wannan.

Haka ma maganar zumuntar mata. Neman 'yan'uwa su taya ki addu'a daidai ne, amma mu faɗi gaskiya, abin da aka faɗa a gaban mutum talatin a matsayin roƙon addu'a kafin Lahadi ta zagayo ya zama labari. In yaron ya ji cewa duk iyayen da suka san shi tun yana ƙarami sun san yana shan giya, kin ƙara masa dalili guda na ƙin taka ƙofar majami'a ko da ransa ya so. Ki zaɓi mace ɗaya ko biyu masu riƙon asiri, su san zancen dalla-dalla. Sauran ya ishe su ki ce a tuna da iyalina.

Yanzu tambayarki ta farko, ko zunubinki ne. Ayar da kika kawo, Karin Magana 22:6, ta sa iyaye da yawa kuka a banza, saboda sun karanta ta kamar takardar yarjejeniya: na yi nawa, dole Allah ya yi nasa, in kuwa bai yi ba to ni ce na gaza. Littafin Karin Magana yana faɗin yadda rayuwa ta saba tafiya ne. Littafin nan da ya ce mai ƙwazo yakan wadata ya kuma san akwai matalauci mai gaskiya. Tarbiyya tana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa aka umarce mu da ita, amma ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba. Sama'ila, wanda mahaifiyarsa Hannatu ta roƙa da hawaye ta kuma miƙa shi ga Ubangiji tun yana yaye, annabin da ya shafe Saul da Dawuda, 'ya'yansa Yowel da Abaija cin hanci suka yi suka karkatar da shari'a (1 Sama'ila 8:1-3). Allah kansa a Ishaya 1:2 ya ce ya goyi 'ya'ya ya rene su, suka tayar masa. Wa zai ce masa bai iya reno ba? Har a gidan da Yesu ya tashi, Yohanna 7:5 ta ce 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba. Shekaru suna kwana suna tashi tare da shi.

Wannan bai hana ki bincika kanki ba. Babu uwa ko uban da bai taɓa yi wa ɗansa ba daidai ba, shi ya sa Bulus ya gargaɗi iyaye a Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21 kada su tsokani 'ya'yansu har su karai. In kin tuna wani abu takamaimai, wata magana mai zafi, wani kunyatarwa a gaban mutane, ki furta wa Allah, sannan ki je ki faɗa wa yaron. Addu'ar bakin ƙofar ma tana ciki. Ba sai kin yi doguwar magana ba. Ki ce masa, na gane abin da nake yi da dare yana ɓata maka rai, na daina, ka yi haƙuri. Kada ki ɗora "amma" a bayansa. Uwa ta ba ɗanta haƙuri abu ne mai nauyi, na sani, kuma saboda nauyin nasa ne yake shiga inda wa'azi ya kasa shiga.

Shi kuma mai cewa ki kawo kuɗi a karya la'ana, kada ki ba shi ko sisi, kada kuma ki koma wurinsa. Irin waɗannan sukan jingina da Fitowa 20:5, inda aka yi maganar alhakin iyaye yana bin 'ya'ya har tsara ta uku da ta huɗu. Ba sa karanta miki Ezekiyel sura 18, inda Allah ya hana Isra'ilawa karin maganarsu ta cewa iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya sun mutu, ya ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba, uba kuma ba zai ɗauki na ɗa ba. Ba sa karanta miki Yohanna 9, inda almajirai suka tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana da ya zama la'ana dominmu. Abin da aka biya da jini, wa ya isa ya sake sa masa farashi? Da Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ce masa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Elisha ya ƙi karɓan kome daga hannun Na'aman bayan ya warke daga kuturta. Baransa Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa, kuturtar ce ta koma kansa. Mai addu'ar nan ya ga uwa mai raunin zuciya ne, ya san za ta sayar da zanenta ma in an ce ɗanta zai dawo. Yau kakanni, gobe zai ce akwai wata a dangin mijinki, kafin ki farga kin ƙara gaba a kan damuwa.

Sai babbar tambayar: ko Allah ya ƙi ji? Akwai wata uwa da ikkilisiya take tunawa da ita fiye da shekara 1,600 yanzu, kuma 'yar Afirka ce. Sunanta Monika, daga garin Tagaste, a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. A shekara ta 354 ta haifi ɗanta Agustin, yaro mai kaifin basira. Yana wajen shekara 19, yana karatu a Kartaj, ya bar bangaskiyar uwarsa ya bi koyarwar mabiyan Mani, wani mutumin Farisa da ya kafa nasa addini, ya yi kusan shekara tara a cikinsu, ga kuma mace da ya ajiye ba aure har suka sami ɗa. Da farko Monika hana shi zama a gidanta ta yi, daga baya ta sauko ta karɓe shi. Ta je wurin wani bishop ta matsa masa ya zauna da yaron ya kayar da shi a muhawara. Bishop ɗin ya ƙi. Ya ce yaron bai shirya ji ba tukuna, yana cikin zumuɗin sabon abu, ta bar shi ta dai riƙa yi masa addu'a. Da ta dame shi da kuka, ya sallame ta da cewa ba shi yiwuwa ɗan waɗannan hawaye ya hallaka.

Inda labarin ya fi shafarki shi ne abin da ya faru a shekara ta 383. Agustin ya ƙudura zai haye teku zuwa Roma. Monika ta bi shi har bakin ruwa tana roƙonsa kada ya tafi, gama a ganinta in ya kuɓuce daga idonta ya ɓace ke nan. Ya yi mata ƙarya cewa abokinsa zai raka, ya lallaɓa ta ta kwana a wani ɗakin sujada kusa da tashar jirgi. Tana ciki tana kuka tana roƙon Allah ya hana tafiyar, shi kuwa cikin dare ya shiga jirgi. Gari ya waye, jirgi ya tashi. In da a ranar aka tambaye ta, cewa za ta yi Allah ya ƙi ji. Amma tafiyar nan ce ta kai shi Milan a 384, inda ya fara zuwa sauraron wa'azin Bishop Ambros, da farko don ya ji iya maganarsa kawai. A 386 ya tuba, a daren Ista na 387 aka yi masa baftisma yana da shekara 32. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa Allah ya hana uwarsa abin da ta roƙa a daren nan domin ya ba ta abin da take roƙo kullum. Monika ta rasu a Ostiya a cikin shekarar, tana da shekara 56. Ba ta ga ranar da ya zama bishop na Hippo ba, balle ta san za a riƙa karanta rubuce-rubucensa har yau.

Na kawo ta ne don ki ga cewa uwa tana iya roƙon abu biyu a haɗe ba ta sani ba: ceton ɗanta, da kuma hanyar da ita ta tsara ceton zai bi. Ke kina so ya dawo ƙungiyar mawaƙa, a majami'ar da ya tashi, kina gani, kuma bana. Allah bai ɗauki alkawarin bin wannan tsari ba. Wataƙila ta bakin wani baƙo zai yi masa magana, a wani gari, bayan ya bar gidanki.

Kuma ba zan yaudare ki in ce lallai za ki gani da idonki ba. Wasu iyaye sun gani. Wasu ba su gani ba. Manassa ɗan sarki Hezekiya ya yi mugunta fiye da kima a mulkinsa na shekara 55, sai da aka ja shi da sarƙa zuwa Babila ya ƙasƙantar da kansa ya nemi Allah (2 Tarihi 33:10-13), mahaifinsa ya daɗe a kabari. Yakubu ɗan'uwan Yesu sai bayan tashin Ubangiji daga matattu muka gan shi cikin masu bi, har ya zama ginshiƙi a ikkilisiyar Urushalima. Dawuda kuwa ya yi kukan ɗansa Absalom da ya mutu yana cikin tawaye, kuka marar magani. Ɗanki mutum ne mai nasa zaɓi, kuma Allah ba ya jan kowa da igiya zuwa cikin mulkinsa. Duk wanda ya ce miki ga adadin kwanakin azumin da za su tilasta amsa, ƙarya yake yi. Abin da aka tabbatar mana shi ne ana jinmu, kuma wanda muke roƙo ya fi mu son yaron. Wannan ya isa dalilin ci gaba. Yesu ya ba da misalin gwauruwa da alƙali marar tsoron Allah a Luka 18 musamman don kada mu karai, Sama'ila kuma ya ɗauki daina yi wa jama'arsa addu'a a matsayin zunubi (1 Sama'ila 12:23). Saboda haka ki ci gaba. Wurin yin ta da yadda ake yin ta ne za su sāke.

Me za ki riƙa roƙo? Na lura duk addu'arki tsautawa ce. Ki buɗe Afisawa 3:14-19 ko Filibiyawa 1:9-11, ki sa sunan ɗanki a ciki, ki roƙa masa abin da Bulus ya roƙa wa 'ya'yansa na ruhaniya: ya san faɗi da zurfin ƙaunar Almasihu, ya sami ganewa ya iya bambance abin da ya fi kyau. Ki roƙa masa abokan kirki, da aikin yi, da kariya a daren da ya sha ya kama hanya. Ki gode wa Allah a kan abin kirkin da ke cikinsa, ki ambace su ɗaya ɗaya, don shekara biyar na kallon laifi kan sa uwa ta manta ɗanta yana da wani hali ban da wannan. Ki lura da yadda Yesu ya yi da Bitrus a Luka 22:31-32. Ya san zai yi musunsa kafin zakara ya yi cara, bai roƙa a hana faɗuwar ba, ya roƙa kada bangaskiyarsa ta ƙare, har ya ba shi aikin da zai yi in ya juyo. A ranar da kuma bakinki ya kasa, ba dole sai kin yi dogon zance ba. Ibrahim jimla ɗaya ya yi a kan Isma'ilu, da ma ya rayu a gabanka (Farawa 17:18), Allah kuwa ya ce ya ji. Uban yaron nan mai farfaɗiya a Markus 9 cewa ya yi ya gaskata, a taimaki rashin gaskatawarsa, aka kuma warkar masa da ɗa. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa, Ibraniyawa 7:25 kuma ta ce Yesu yana raye kullum yana roƙo saboda masu zuwa wurin Allah ta wurinsa. Ba ke kaɗai ke riƙe da yaron nan ba, ko da kin yi barci.

Ki yi barcin kuwa. Azumin da ya kai ki ga jiri kwana uku kowane mako ya wuce ƙa'ida. Ki rage, in kuma kina da ciwon suga, hawan jini ko gyambon ciki, ki ga likita kafin ki sake yi. Ba a sayen jinƙan Allah da wahalar da jiki.

Game da maigidanki, kada ki ɗauka cewa da ya ce ki ƙyale yaron bai damu ba ne. Maza da yawa damuwarsu a ciki take ci. Mai yiwuwa ya hango abin da na faɗa miki tun tuni, ya rasa yadda zai faɗa ba ki ce ya raina addu'a ba. Ki same shi ki ce kin daina ta bakin ƙofa, ki roƙe shi ku riƙa yin ta ku biyu a ɗakinku, ko minti biyar ne kafin ku kwanta. Zai fi sauƙin amsa wannan. Amma "ƙyale shi" ma tana da iyaka. Laifin Eli firist a 1 Sama'ila 3:13 shi ne ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi bai hana su ba. Yaron yana ƙarƙashin rufinku, kuna da ikon cewa ba a shigo mana gida a buge, ba a kawo giya inda ƙanne suke. Ku biyu ku yanke wannan, babansa ya faɗa masa, da rana, cikin natsuwa. Zuwa sujada kuwa kada ku sa shi cikin sharaɗin ci da kwana. Wanda aka kora zuwa majami'a da yunwa jikinsa kawai zai kai.

In kuma shan ya zama na kullum, ko kun ga alamar ƙwaya, ko ya rufe kansa a ɗaki ba ci ba magana, ko ya fara zancen ya gaji da rayuwa, ku kai shi ga likita ba tare da jinkiri ba. Wani lokaci abin da iyaye suke kira tawaye ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Addu'a da asibiti ba sa faɗa da juna. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne.

Akwai tambayar da ban ga kin yi masa ba a duk wasiƙarki: me ya faru? Yaron da ya yi waƙa a gaban jama'a ba ya tashi rana ɗaya ya ce babu mai jin addu'a haka kawai. Wataƙila ya roƙi wani abu da dukan zuciyarsa bai samu ba. Wataƙila ya ga wani babba a ikkilisiya yana abin kunya. Wataƙila tambayoyi ne ya ci karo da su a karatu, da ya kawo su aka ce masa ya yi shiru. Bayan kin ba shi haƙuri, kin bar 'yan makonni sun wuce, ki tambaye shi, ki kuma saurara har ya gama ba tare da kin jawo aya ba. Zai faɗi abin da zai sosa miki rai. Ki daure. Kada kuma ki riƙa auna shi kowace safiya kina neman alamar canji, kamar mai tone irin da ya shuka don ya ga ko ya fara tsiro. Ki kira shi ku yi hirar aikinsa, ki tambayi ra'ayinsa a kan al'amuran gida, ya san cewa zamansa ɗanki bai rataya a kan ranar Lahadi ba.

Na ce zan dawo kan hadayar Ayuba. 'Ya'ya huɗu kika ce kina da su, amma ukun ko sau ɗaya ba ki faɗi halin da suke ciki ba. Shekara biyar suna kallon hawayenki da azuminki duk a kan mutum ɗaya. A misalin ɗan da ya ɓace a Luka 15, wanda ya zauna a gida yana biyayya shi ne ya ƙare a waje yana fushi, yana ganin ba a taɓa kula da shi ba. Yara sukan koyi darasin da ba a yi niyyar koya musu ba, cewa a gidan nan sai ka lalace ake tunawa da kai. Ki raba kwanakin mako, kowane ɗa da ranarsa, har da maigida. Ki tambayi kowannensu abin da yake so ki roƙa masa, jarrabawa ce, ko abota, ko wani tsoro da bai taɓa faɗa ba. Su waɗannan za ki iya yin addu'a tare da su a fili, tun suna so. In kuna addu'ar iyali kuma babban yana gida, a gayyace shi sau ɗaya da sakin fuska, in ya ƙi a bar shi, kuma kada a ambaci laifinsa a cikinta. A sa sunansa a jerin 'yan'uwansa kamar kowa.

Ubangiji ya ƙarfafa ki, ya ba ki hutawa. In kin yi magana da shi, ki sake rubuto mini abin da ya ce, mu duba mataki na gaba tare.